Bilyaminu Mai Kwamfuta da Iyakar Gonar Atu

Kullum in anka sallame sallar asuba, Malam Bilyaminu ba ya komawa kwanciya. Zai biyo ta gaban rumfata a nan Tambuwal da mabuɗi a hannu, ya ce, "Inna Tambaya, an tashi lafiya?" In ce, "Lafiya lau, ɗan nan. Mi anka samu a gari?" Ya ce, "Sai alheri," ya wuce. Shekara ashirin da biyu ke nan, amsar ba ta taɓa canzawa ba. Shagonsa na kallon inda nika sayar da ƙuli-ƙuli da daddawa, saboda haka abin da zan faɗa ganau ce ni, ba jiyau ba.

In ya buɗe shago sai ya share, ya yaye ƙyallen da yake rufe kwamfuta da shi. Kafin ya saurari kowa, zai jawo aljihun tebur ya fito da wani baƙin abu, girmansa bai wuce sabulun wanki ba, da 'yar gajeruwar waya. Ya jona shi, ya kwashe aikin jiya duka ya zuba a ciki: takardun makaranta, hotunan fasfo, bidiyon biki da na suna. Ko motar Sakkwato ce ke jiranka, sai ka zauna a benci har 'yar fitilar jikin abin ta bar ƙyaftawa. Ba ya zare wayar kafin nan, ko gobara anka ce.

Masu boko istanal suke ce wa abin. Ranar da na tambaye shi amfaninsa, yac ce, "Inna, a ɗakin kwana kike zuba geronki?" Nic ce a'a, a rumbu. Yac ce, "To kwamfuta ɗaki ce. Tana ƙonewa, ana sace ta, tana mutuwa ba sallama. Wanga shi ne rumbunta." Tun ranar na gane, kuma ban sake tambaya ba.

Bai iya sayensa a banza ba, sai da anka cuce shi. Na farko da ya saya, a hannun wani mai tebur ne a Sakkwato, da araha, an rubuta a kwalinsa zai ɗauki duniya da abin da ke cikinta. Ya zuba aikin mako guda, da ya koma buɗewa sai sunaye kawai, ciki wayam. Allah ya so aikin na nan a kwamfuta. Tun daga nan in zai saya, da kwamfutarsa yake zuwa. Ya zauna a shagon mai kaya, ya cika abin taf, ya zare, ya sake jonawa, ya bi yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. An ce wani mai shago ya gaji har yac ce masa, "Malam, aurensa za ka yi ne?" Shi kuwa yac ce, "Ai aure in ya ɓaci ana biko. Wanga in ya ɓaci, gidan wa za ni?"

Kuma ba ya sayen ɗaya, sai biyu. Ɗaya ya kwana a shago, ɗaya ya kai shi Kebbe wurin amininsa Ɗangiwa mai goro, don kada wuta ɗaya ta ci su tare. In zai tafi sai ya naɗe shi a soso ya rataya jakar a ƙirji, ba ya ɗaure ta a bayan babur. Wai akwai faifai mai juyawa a ciki, ba ya son girgiza. Wanda ya san hanyar nan ya san ko hanjin mutum ba ya son ta.

Yanzu ku duba abin da ke hannun bawan Allahn nan. Ya san shekarun kowa na gaskiya, har na waɗanda sunka rage biyar don aikin gwamnati. Ya san wanda ya rubuta takardar neman aure anka ƙi shi. Ya san wadda hotonta na biki ya sha gyara har angon bai gane ta ba. Ni kuma ba na ɓoye halina, ina son labari kamar yadda akuya ke son dusa. Na ba shi ƙuli kyauta, na kai masa fura da zafin rana, na zauna a bencinsa ina ƙorafin ciwon gwiwa ina leƙen gilashi. Sai ya juya fuskar kwamfutar bango, ya ce, "Inna, Allah ya ƙara sauƙi." Ko ƙwayar zance ban taɓa samu ba.

Bana idanunsa sun gaji, likita ya hana shi yawan kallon gilashi, zai miƙa shagon ga ɗiyarsa Zulfa wadda ta karanci aikin. Shi ya sa na ɗauki alƙalami da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci. Akwai abu ɗaya da nika so a sani kafin ya koma gida ya zauna.

Atu ɗiyar ƙanwata ce, an kai ta aure wani ƙauye bayan Fakku. Mijinta Na'iya ya rasu shekara biyar da sunka wuce, ya bar mata 'ya'ya da gona ɗaya. Maƙwabcin gonar, Attahiru, yana da garmar shanu. Kun san halin garma a hannun wanda ba a kallo: in ta zo iyaka sai ta ɗan karkata, bana kunya ɗaya, baɗi biyu. Gambar da anka dasa a iyakar shanu sun cinye ta tuni. Da Atu ta farga, tac ce kunya goma sha ɗaya anka ci mata. Attahiru yac ce ko taki ɗaya bai shiga ba. Dattawan da sunka zaga iyakar ranar da anka raba gonakin duk sun riga mu gidan gaskiya. Anka kai magana gaban hakimin ƙauyen, yas sa ranar Alhamis. Ga damina a bakin ƙofa, kuma a wurinmu abin da anka shuka ba a tuge shi. In Attahiru ya zuba iri a wurin, bana ta tafi, baɗi kuma ya ce ai ya saba nomawa.

Atu ce ta tuna cewa ranar zagayen iyakar, shekara goma sha ɗaya baya, ana suna a gidansu, Bilyaminu ya je ɗaukar bidiyo. Na'iya ya roƙe shi ya biyo dattawan gona da kyamararsa. Faifan da anka ba su ya karce tun tuni, ba ya nuna kome. Ta zo Tambuwal ranar Talata, na kai ta shago da kaina.

Bilyaminu bai yi dogon tunani ba. Ya duba littafin da yake rubuta aikin kowace shekara, ya fito da tsohon istanal na waɗancan shekaru, wanda ya cika anka aje shi. Ya jona. Sai munka ji ƙas, ƙas, ƙas, kamar kaza na tsattsagar tire. Ya zare shi, yac ce, "Wanga ya tsufa, ya mutu a kwance. Amma ɗan'uwansa na Kebbe."

Washegari munka tafi, shi a babur ɗinsa, ni da Atu a na haya. Ɗangiwa ya tarbe mu da fara'a. Da anka faɗa masa abin da ke tafe da mu, ya bugi ƙirji.

"Ajiyarka na nan, Malam. Ai da zafin bazarar nan ya tsananta tausayinta ya kama ni. Ba kai kac ce ba ta son zafi ba? Na sauke ta daga kan kantar shago, na sa ta inda ya fi ko'ina sanyi a gidan nan."

"Ina ke nan?"

"Tsakiyar huhun goro mana. Safe da yamma nika yayyafa musu ruwa. Wata biyu ke nan, ko rana ɗaya ban tsallake ba."

Mutumin da ya shekara arba'in yana sayar da goro, wane sanyi ya sani in ba wannan ba? Anka buɗe ganye, sai ga gwangwanin madara da Bilyaminu ya sa abin a ciki, ya yi tsatsa jawur. Ledar ciki ta yi gumi, bakin da ake jona waya ya yi kore. Nic ce, "Ɗangiwa, da ka ƙara mako ɗaya ai da ya tsiro!" Yac ce, "Ke dai tsohuwar banza, da ke anka ba ajiyar da tuni duk Kebbe ta ji abin da ke ciki." Atu ba ta yi dariya ba. Zama ta yi a ƙasa ta riƙe kai.

Ni na zaci Bilyaminu zai yi faɗa. Yac ce, "Laifina ne. Na ce ba ya son zafi, ban ce ba ya son ruwa ba. Kuma shekara uku ban leƙa tsofaffin ba, sababbin kawai nika juyawa."

Nic ce to ya jona mu gani, gobe ne zama. Yac ce in wuta ta shiga shi da danshi, ya tafi ke nan har abada. Sai ya bushe, kuma ba a rana ba. Da kansa ya je gaban hakimi ranar Alhamis ya roƙi kwana fuɗu. Attahiru na gefe yana cewa, "Ranka ya daɗe, yau kuma gwangwani ne zai yi shaida?" Hakimi yac ce ya ba da zuwa Litinin, amma ba zai hana mutum shuka ba: in ruwa ya sauka kafin nan, kowa ya shuka inda garmarsa ta tsaya bara.

Kwanakin nan ban sayar da ƙulin kirki ba, sama kawai nika kallo. Bilyaminu ya cire wa abin rigar robar da ke jikinsa, ya goge bakin da auduga, ya aje shi a kan tebur gaban fanka. Ranar Asabar hadari ya haɗu ta gabas baƙi ƙirin. Na tsallaka shago nic ce, "Ɗan nan, jona shi hakanan, ruwa zai riga ka!" Yac ce, "Inna, in ruwa ya riga ni, Atu ta rasa bana. In na yi gaggawa, ta rasa har jikokinta." Iska ta zo ta watsa hadarin.

Ranar Lahadi da hantsi ya sa masa sabuwar riga da sabuwar waya, ya yi bisimilla ya jona. Fitila ta kama. Ni ina cewa a buɗe mu gani, shi kuwa sai da ya kwafe duk abin da ke ciki zuwa wani sabo, awa uku cur, sannan ya nemo bidiyon.

Ga Na'iya nan da ransa, yana gaba dattawa na biye. Anka fara daga gindin kukar da ke nan har yau, wani dattijo na ƙirga taki da ƙarfi har inda anka dasa gamba. Sai Na'iya ya juyo ya nuna gefe, yac ce, "Ku shaida, kunya fuɗun nan na Attahiru ne. Aro ya ba ni in zuba wake."

A nan ne zan faɗi abin da ban so a sani ba. Na matsa kusa da Bilyaminu nic ce, "Gobe in an zo wurin nan, ka ce wuta ta ɗauke. Marayu ne fa." Ya dube ni da idanun nan nasa da sunka gaji, yac ce, "Inna, yadda anka ba ni ajiya haka zan maida ta. In na yanke yau don Atu, gobe wa zai yarda da abin da ya fito daga shagon nan?"

Ranar Litinin anka kunna shi gaban hakimi, tun daga farko har ƙarshe. Attahiru na cikin bidiyon, gemunsa baƙi, shi ne ma ke riƙe da gambar da za a dasa. Ya leƙa gilashi, yac ce, "Wanga ni na?" Mutane sunka fashe da dariya. Anka je gona, anka ƙirga taki daga kuka. Cikin kunya goma sha ɗayan nan, bakwai na Atu, fuɗu na Attahiru. Bai ƙara musu ba, yac ce garma ce ba ta da ido. Atu kuma abu ɗaya ta roƙa, a maido mata wurin da Na'iya ke magana. Sau uku anka maido, tana rufe da fuska. Kwana biyu bayan nan ruwa ya sauka.

Bilyaminu, kai ne rumbun da ba ya yoyo. Kai ne ka ɗauki laifin goro a kanka don kada amininka ya ji nauyi. Kai ne ka ƙi ni a gaban idona, kuma washegari ka gaishe ni kamar ba a yi ba. Ba ka da sarauta, ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba, amma takardu da fuskokin mutanen Tambuwal da Kebbe na shekara ashirin da biyu suna nan ba su ɓata ba saboda kai. Mun gode. Allah ya ba idanunka lafiya, ya sa Zulfa ta gaji haƙurinka da riƙon bakinka, ko da ni ce zan yi asara.

Ku kuma masu kwamfuta, da masu tara duniya a waya, ku yi koyi da shi. Ku gwada kafin ku saya, ku sayi biyu, ku raba musu gari, ku riƙa leƙa tsofaffin. In za ku ba mai goro ajiya, ku faɗa masa kome dalla-dalla. In kuma wata tsohuwa ta raɗa muku ku yanke gaskiya, ku ƙi ta yadda anka ƙi ni.

Makon jiya na je ƙauyen su Atu. Gero ya kai ƙugu a kunya bakwai ɗin, ta dasa sabuwar gamba a iyaka, ta kewaye ta da ƙaya. Fuɗun can Attahiru ya zuba wake, kuma ya aiko mata cewa in ya nuna ta aika a ɗiba wa yara. Tac ce in gaya maka, Bilyaminu, damin farko naka ne, kuma kada ka ce za ka ƙi.