Dutsen Taimamar Baba

Baba ya kama ni ina jujjuya dutsen taimamarsa, na ƙura masa ido kamar na tsinci zinari.

Tun da ciwo ya hana shi taɓa ruwa, da wannan baƙin dutsen yake taimama. Daga gonarsa ta Wonaka ya ɗauko shi, gonar da ya daɗe rabonsa da ita.

"Ɗiyata, mi kika gani?"

Na ce irinsa nake nema a bincikena na jami'a. A narke yake can ƙarƙashin ƙasa, kafin ya taso ya daskare. Akwai sinadarai a cikinsa, aisotof ake ce musu, masu rikiɗa a hankali. In an auna su, sai a gane shekarunsa da zurfin da ya fito.

"Ba a yi mashi komi wurin awon?"

"Sai an ɓantari gefe an niƙe, Baba. A bar shi kawai."

Ya karɓa, ya daɗe yana shafa shi. Sannan ya miƙo mini.

"Ɓantari ta baya, ki bar mani wajen da tafina ya saba. In ya hwaɗi maki shekarunshi, ki zo ki gaya mani da wuri. Kin san ni ban da lokaci irin nashi."

Tun daga Bungudu har Gusau hawaye nake a mota, ɗan ɓallin dutsen yana ƙulle a bakin mayafina.

Sakamakon bai fito ba tukuna. Don Allah ku taya ni addu'a ya iske Baba da ransa.