Ɗakin da Malam Sirajo Bai Shiga Ba

A Fakku da ƙauyukan da ke kewaye da ita, in aka ce Likita, Malam Sirajo ake nufi. Shi ba likita ba ne, ma'aikacin lafiya ne a ɗan asibitin ƙauye, ya sha faɗa musu haka har ya gaji ya bari. Ɗan manoma ne, ya yi karatun aikin a Sakkwato, ya dawo gida ya auri Hinde. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya. Abin da aka fi yabonsa da shi kuwa, kunya.

Tun da Hinde ta haifi 'yarsu ta fari, Nuriyya, ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinsa. Da aka yaye ta sai mahaifiyarsa Dada ta ɗauke ta, kamar yadda aka saba. In zancenta ya kama, sai ya ce “ɗiyar Dada.” In ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon gefe. Ba ƙi ba ne. Ranar da aka kai ta Tambuwal gidan mijinta Mannir, malamin firamare, Malam Sirajo a gona ya wuni shi kaɗai, alhali an daɗe da gama girbi.

Shekarar da abin ya faru, sanyi ya sauka da wuri. Aka tara ma'aikatan lafiya na Kebbe da Tambuwal a wani ɗakin taro a Tambuwal, don a tuna musu abin da za su sa wa ido a lokacin ɗari. Wata babbar ma'aikaciya, Hajiya Madina, ita ta yi musu bayani.

Ta ce, “Garwashi cikin ɗaki rufe, wanga kun san shi. Ni jarirai nika ji ma tsoro. Jariri ba shi ce muku ƙirjinai na ciwo. In numfashinai ya yi sauri, in ƙasan haƙarƙarinai na lotsawa, in ya bar kama nono, kada ku tsaya ba da maganin mura, ku turo shi babban asibiti. Kuma kada ku tsaya zaure kuna tambayar maigida. Ku shiga ku gani da idonku.”

Wani daga baya ya ce, “Hajiya, ɗakin maijego? So kika a biyo mu da taɓarya?”

Ta ce, “A biyo ka. Kai dai ka tabbata ka ga ƙirjin yaron kafin ka ruga.”

Aka yi dariya, Malam Sirajo ma ya murmusa. Ya koma gida ya kama aikin yadda ya saba kama kowane aiki, a hankali, ba fashi. Ya faɗa a ƙofar masallaci, ya faɗa a wurin suna, ya faɗa wa matan da ke zuwa awo. A bar taga a buɗe ko kaɗan ne, a fitar da kaskon wuta in ɗaki ya yi ɗumi.

A cikin wannan sanyin Nuriyya ta zo goyon ciki, ta sauka a ɗakin Dada, cikin gidan nasu. Namiji ta haifa, aka sa masa Saifullahi. Dada ta kama jegon da hannu biyu. Safe da yamma a tafasa ruwa a yi wanka da ganye, sannan a kwantar da maijego a kan gadon ƙasa, a hura wuta a ƙarƙashinsa. Ta toshe 'yar tagar ɗakin da tsummoki, ta saki bargo a kan asabarin ƙofa. In aka ɗaga bargon, hayaƙi ne ke fara fitowa kafin mutum.

Bayan suna da 'yan kwanaki, da safe yana shirin fita, Malam Sirajo ya ji tari daga ɗakin. Ɗan siririn tari ne, kamar na mage. Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya kira Hinde gefe.

“Yaron ga tari shika yi?”

“Dada ta ce mura ce.”

“Shina kama nono?”

“Na tambayi uwar, ta sunkuyar da kai. Ka san ɗan fari, ba ta cewa komi.”

Ya je ya sami Dada a bakin murhu, ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce, “Dada, a ɗan buɗe tagar can, hayaƙin ya yi yawa. Kuma a fiddo min yaron in duba shi.”

Ta dube shi sama da ƙasa. “A fiddo shi cikin sanyin ga? Kai Sirajo, bisa gadon ga anka gasa ni da na haife ka. Ka mutu? Je ka yi likitancinka ga ɗiyan mutane. Angona mura ce ta taɓa shi, na jiƙa mai magani.”

Ƙofar ɗakin tana nan kusa da shi, da ya miƙa hannu zai taɓa bargon. Amma a ciki 'yarsa ta fari ce kwance da ɗaurin ƙirji, jikinta duk mai. Uba ba ya shiga wannan ɗakin. Bai taɓa ji an yi ba, ko a gidan da ba a san kunya ba. Ya ce a ransa, bari rana ta ɗaga gobe, ya sa Hinde ta faki idon tsohuwa ta kawo masa shi zaure. Ya sa ɗayan takalmin ya fita.

Washegari ranar kasuwa ce, marasa lafiya suka yi masa sammako, bai jira rana ta ɗaga ba. A cikinsu har da wata mata daga rugar da ke bayan gari, da jaririya a goye. Ya buɗe zanen, ya ga ƙirjin yana lotsawa, nan take ya tura su babban asibitin Kebbe. Yana wanke hannu zuciyarsa tana gida.

Da la'asar ya dawo. Ya tsaya a tsakar gida yana sauraro. Ba tari. Hinde ta tare shi da fara'a ta ce, “Ka ji an samu sauƙi, tun hantsi shika barci, ko kuka bai yi ba.”

Ya ajiye jakarsa a ƙasa, ya yi sallama, ya yaye bargon ya shiga. Dada ta yi salati. Nuriyya ta jawo zane ta juya fuskarta ga bango. Shi dai idonsa na yaji, ya lalubo yaron ya fito da shi haske. Leɓunan sun yi duhu. Ƙirjin yana shiga yana fita da sauri, kowane numfashi da ɗan nishi a ƙarshensa.

Ɗanmaliki mai kabu-kabu maƙwabcinsu ne, shi ya ɗauke su. Malam Sirajo ya sa yaron cikin rigarsa, jiki da jiki, ya naɗe da bargo. Suka kama hanyar Kebbe, babur na tsalle a cikin rairayi. Tun yana jin motsin ɗan ƙirjin a kan nasa, har ya koma yana neman motsin.

Ɗanmaliki ya waiwayo ya ce, “Likita, ka yi shiru. In ƙara wuta?”

“Tsaya.”

“Ai mun kusa, ga gari can.”

“Na ce ka tsaya, Ɗanmaliki.”

Ya sauka a gindin wata tsamiya, ya buɗe rigar, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya mayar da bargon ya rufe har fuska. Ya ce, “Juya mu koma.”

Kafin magariba an kai yaron makwancinsa. Mannir da safe ya iso daga Tambuwal, ya tarar da tabarmi a ƙofar gida. Masu gaisuwa suna ta cewa kwana ne ya ƙare, Malam Sirajo yana amsawa, don haka ne. Nuriyya ba ta yi kuka a gaban kowa ba, mata har suna yaba haƙurinta.

Da aka watse zaman makoki Malam Sirajo ya same ta a bayan rumbu ita kaɗai, gaban rigarta ya jiƙe da nono. Ta zabura za ta durƙusa.

Ya ce, “Nuriyya.”

Ta ɗago ta dube shi, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, “Baba, na ga sa'ad da ya bar tsotso. Na buɗe baki in faɗi, Inna na nan, Dada na nan, sai na kasa.”

Ya ce, “Na sani.” Ya zauna a ƙasa kusa da ita, ta yi kukanta har ta gaji.

Dada ba ta taɓa tayar da zancen ba har ta rasu. Amma Hinde ta ce a makon nan ta ga tsohuwar ta hau turmi da kanta tana zare tsummokin taga.

Malam Sirajo ya yi ritaya yanzu, gemu ya yi fari. Yabon kunyar nan ya daɗe da barinsa. In sanyi ya shigo aka ce an haihu a gida kaza, zai je ya yi sallama, ya ba maijego lokacin da za ta rufe jikinta, sannan ya shiga, ko maigida ya so ko bai so ba. Tsofaffin mata suna ce masa Likita marar ta-ido, akwai gidan da aka taɓa rufe masa ƙofa. Ba ya musu da kowa. Zai ce a buɗe taga, a miƙo masa yaron, ya kwance zanen ya dubi ƙirjin.

Nuriyya ta sake haihuwa, mace, ita ma a cikin ɗari. A waya ta kira shi daga Tambuwal ta ce, “Baba, tana atishawa.” Ya ce ai atishawa ba komai ba ce. Ya kashe wayar, ya ɗauki hularsa, ya leƙa gidan Ɗanmaliki.