Mai Lemo da Ɗanɗanon Safiya

Shekara ashirin da uku Mai Lemo ta yi tana kafa teburinta a wuri ɗaya, ƙarƙashin wata rumfar kwano, a kwanar da titin kasuwa ya haɗu da na asibiti. Da lemo kaɗai ta fara, shi ya sa sunan ya bi ta, amma daga baya teburin ya cika da mangwaro da kankana da tuffa da ayaba da abarba, kowanne a lokacinsa. Da wannan tebur ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta, da shi kuma 'ya'yanta huɗu suka yi karatu.

Wanda ya yi ciniki da ita sau ɗaya yakan dawo, kuma ba don araha ba, domin ba ta fi kowa sauƙin farashi ba. Dalilin shi ne ba ta taɓa cewa abu yana da zaƙi sai ta sa shi a bakinta. Kowace safiya, da zarar motar kaya ta sauke kwanduna, takan ɗauki 'yar wuƙarta mai ƙotar katako, ta yanka ɗaya daga saman kwando, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga ƙasa, ta ɗanɗana. Idan mai saye ya tambaya, sai ta ce wannan ya nuna, wancan ka ba shi kwana biyu, na can kuwa da tsami, sai dai idan matsewa za ka yi. Wannan ɗabi'a ce da ta cancanci yabo, domin mafi yawan masu sayarwa sun ɗauki rantsuwa a matsayin kayan aiki, ita kuwa ta zaɓi ta sani kafin ta faɗa.

Ciwon ya shigo mata a hankali, ta yadda ba za ta iya cewa ga ranar da ya fara ba. Kafin azahar cikinta yakan kumbura ya yi tauri, ya riƙa ƙugi har mai saye ya waiwaya. Daga nan sai murɗa, sai gudawa. Banɗakin kasuwa yana can bayan layin mahauta, tafiyar minti biyar ga mai lafiya, kuma takan yi wannan tafiya sau huɗu ko biyar a wuni. Duk lokacin da ta tashi, maƙwabciyarta Mai Ƙwai ce ke tsare mata tebur. Su biyun sun shekara goma sha biyar suna tsokanar juna, kuma Mai Ƙwai ba ta bar wannan dama ta wuce ta ba. Takan ce a mayar da teburin ƙofar banɗaki mana, kowa ya huta.

Mai Lemo takan yi dariya, amma ta rame, zanenta ya fara yi mata yawa. Babban ɗanta, wanda ke aiki a wani ofishin sufuri, ya zo gida wata ranar Lahadi ya yanke hukunci: rana da tsayuwa ne ke cinye ta, saboda haka a ƙarshen wata mai zuwa za a rufe teburin, ta zauna gida, shi zai ɗauki nauyinta. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma hujjarsa ba ta da ƙafa, domin bai gwada komai ba kafin ya ɗora laifi a kan rana. Kuma bai fahimci cewa ga matar da ta saba jin ana cewa "a wurin Mai Lemo na saya" ba, zaman gida ba hutu ba ne. Ba ta yi masa musu ba. Ta dai shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Autarta, malamar lissafi a makarantar firamare, ita ce ta roƙi yayan nata ya ba su makonni shidan da suka rage kafin wa'adin su nemi dalili. Ta kai mahaifiyar asibiti, aka gwada jini da bayan gida, aka duba hanji, ba a ga wata cuta mai ban tsoro ba. Aka tura su wurin wata likita mai kula da harkar abinci. Likitar ta yi musu bayani cewa akwai mutanen da hanjinsu ba ya iya tsotse wani abu da ke cikin abinci yadda ya kamata, a wasu madara ce, a wasu alkama ko albasa ko wake, a wasu kuma wani nau'in sukari da ake kira furuktos, wanda ya yi yawa a zuma da wasu 'ya'yan itatuwa. Abin da bai tsotsu ba yakan wuce zuwa babban hanji ya yi tsami, daga nan iska da gudawa suke fitowa. Hanyar ganewa, in ji ta, ita ce a janye duk abubuwan da ake zargi na ɗan lokaci, idan ciki ya kwanta sai a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Ta gargaɗe su cewa wannan bincike ne, ba tsarin rayuwa ba, kada a zarce da shi. Ta kuma ce a rubuta duk abin da aka ci.

Auta ta sayi littafi ta ja masa layuka da rula. Kowace yamma takan zauna gefen mahaifiyarta ta ce, "Inna, me kika ci yau?" Inna kuma takan lissafa da gaskiya: farar shinkafa, dafaffen ƙwai, kifi, shayi ba madara. Ta bar zumar da take sha da safe, ta bar burodi, ta bar albasa har girki ya zama kamar na majinyata. 'Ya'yan itacen da takan ɗebo wa gida da yamma ma ta daina taɓa su.

Mako uku suka wuce, ciwon yana nan yadda yake. Abu ɗaya kawai Auta ta lura da shi a littafin, shi ne ranar Lahadi ba ta cika samun damuwa ba. Da ta nuna wa yayanta, sai ya ce ai magana ta ƙare, ranar da ba ta fita kasuwa ita ce ranar da take lafiya. A zahiri hujjar tana gefensa. Amma abu biyu suna iya tafiya tare ba tare da ɗaya ya haifi ɗaya ba, kuma kasuwa ba abu guda ba ce, tarin abubuwa ce. Auta ta ce za ta je ta gani da idonta.

Ranar Asabar ta bi mahaifiyarta tun da sassafe, da littafin a jaka. Mota ta sauke kwando shida na mangwaro, kwali biyu na tuffa, da tulin kankana. Auta tana taya jera kaya, ba ta ga wani abin lura ba, domin tun tana ƙarama take ganin wuƙar nan tana aiki, kuma abin da ido ya saba da shi ba ya ganinsa. Mai Ƙwai ce ta leƙo ta tambayi abin da ake rubutawa a littafin. Da aka gaya mata cewa Inna ta yi mako uku rabonta da 'ya'yan itace, sai ta ajiye kiret ɗin da ke hannunta ta dubi Auta.

"'Yata, wa ya gaya miki haka?"

"Ita da kanta, Gwaggo."

"To tun da kuka zo ina ƙirgawa, don ba ni da ciniki. Yankan mangwaro goma sha takwas, tuffa shida, kankana kuma ta fasa biyu. Idan wannan ne barin abu, Allah ya ba ni irinsa."

Mai Lemo ta juyo da wuƙa a hannu, ranta a ɓace. "Ke dai ba ki rasa abin faɗa. Wannan ci ne? Aiki nake yi."

"Aikin yana sauka a cikin wa? A nawa?"

A nan ya kamata a yi adalci. Mai Lemo ba ta yi ƙarya ba, kuma ba ta ɓoye komai ba. A wurinta ci shi ne a wanke hannu a zauna a gaban kwano. Ɗanɗanon safiya yana cikin sahun share rumfa da jera kaya da goge sikeli, kuma babu wanda ke lissafa shara cikin abincinsa. Auta ma ba ta yi sakaci ba, ta yi tambayar da aka ce ta yi. Kuskuren yana tsakaninsu, inda kowacce ta ɗauka ɗayar ta san abin da ita ta sani. Hanji kuwa ba ya bambance abin da aka haɗiye don yunwa da abin da aka haɗiye don amana. Auta ta tattara yanka irin waɗanda aka ƙirga a faranti ɗaya, ta ɗora a sikeli, suka haura rabin kilo. Mahaifiyar ta daɗe tana kallon allurar sikelin.

Likita ta ce a sake farawa, mako biyu, ba ɗanɗano ko na ƙwayar zarra. Wannan ya fi wa Mai Lemo wuya fiye da barin albasa da zuma. Ta ce wa Auta idan za ta tsaya ta ce wa mutum "da zaƙi" alhali ba ta sani ba, gara babban ɗan nata ya zo ya kwashe teburin yau. Mai Ƙwai ta yi tayin zama mai ɗanɗano, aka gwada ta kwana ɗaya, aka sallame ta, domin duk abin da aka ba ta kyauta sai ta ce ya fi zuma. A ƙarshe Mai Lemo ta ga cewa abin da ta tsare shekara ashirin da uku ba ɗanɗanon ba ne, faɗin abin da ta sani ne. Ta fara cewa masu saye, "Ban ɗanɗana ba, likita ta hana ni. Ga yanka, ka gaya mini." Wasu suka yi mamaki, wasu suka yi mata sannu. Abin da mutum uku na farko suka faɗa game da kwando, shi take gaya wa na huɗu, tana ƙarawa da cewa ji ta yi.

A kwana na biyar ta wuni ba ta je bayan layin mahauta ba sai sau ɗaya. A kwana na tara Mai Ƙwai ta yi ƙorafin cewa kasuwa ta yi shiru tun da gangar da ke cikin ƙawarta ta daina kiɗa.

Sai aka shiga dawo da abinci, kowanne kwana uku ana ƙara yawansa, da hutu a tsakani. Madara ba ta yi mata komai ba, haka burodi da wake. Albasa sai kaɗan. Zuma cokali ɗaya ta kwantar da ita rabin wuni. Tuffa da kankana suka yi mata irin haka. Lemo da ayaba da abarba suka wuce lafiya idan ba ta ci da yawa ba. Mangwaro, wanda ta fi so a duniya, ya tsaya a tsakiya: yanka biyu bayan abinci ba damuwa, na uku kuwa sai ta biya da cikinta. Ta gwada na ukun sau biyu don ta tabbatar, ko don kwaɗayi, Auta ta rubuta duka biyun ba tare da sharhi ba. Likita ta ce alamu sun nuna furuktos ne, ba a warkewa daga wannan kamar zazzaɓi, amma wanda ya san iyakarsa yana zaune da shi lafiya, kuma za a sake gwada iyakar bayan wasu watanni.

Binciken ya zarce wa'adin da babban ɗan ya ɗiba da fiye da wata guda, kuma bai zo kwashe teburin ba. Auta ta kai masa littafin, ya karanta shafi bayan shafi, ya mayar mata. Mutane da yawa sun fi iya gyara kuskure da hannu fiye da amsa shi da baki, shi ma yana cikinsu. Wata safiya ya tsaya da mota a kwanar, tare da kafinta. Mai Lemo ta miƙe tsaye, ta dafa teburin da hannu biyu.

"Kwashewa kuka zo yi?"

Ya duƙa ya gaishe ta, sannan ya nuna wa kafintan ƙafar teburin ta baya, wadda aka tokare da bulo, da kwanon rumfar da ya huje.

"A'a, Inna. Damina ta kusa, kuma wannan ƙafar ba za ta kai baɗi ba."