Malam Lawwali Sha'ibu Da Wakafin Sunaye

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga Maris, 2012, Allah Ya karɓi ran Malam Lawwali Sha'ibu a gidansu da ke 'Yargoje, bayan doguwar jinyar ƙoda. Na yi kuka, amma ba zan ɓoye ba, Malam, na ji sanyi da ka huta, domin na ga irin wuyar da ka sha.

Da yawa a Ƙanƙara sun ɗauka gyaran kwamfuta kawai kake yi. Ba su san kai ke riƙe da sunayen shafukan intanet na wata manhajar kyauta ta manoma ba, wadda 'yan sa kai daga Indiya, Brazil da Najeriya muke haɗawa. Na'urorin da ke kai mai nema ga shafin kuwa, ka ƙi tara su wuri guda, ka rarraba su a ƙasashe daban-daban, kana cewa manomin kirki ba ya zuba irinsa duka a rumbu ɗaya. Lokacin da abokanmu ke rububin kwangilar kuɗin mai a Abuja, kai kana kan babur zuwa Faskari neman sabis. Na sha yi maka tsiya, kai kuma ka kira ni ɗan Sabuwa mai gajen haƙuri.

Da labarin rasuwarka ya zo, bayan baƙin ciki sai tsoro ya kama ni. Sunayen nan da sunanka aka yi musu rajista tun farko. In sun shiga gado, ko wa'adinsu ya ƙare ba mai iko a kansu, wani zai saye, aikin shekaru ya bi ruwa.

Ranar sadakar uku na daure na tambayi kawunka, Baba Nata'ala, ina jin kunyar kaina. Ya ce, "Wannan abin nashi na iska? Ai tun kaka ya tara mu ƙofar masallaci, da liman da kowa, ya ce mu shaida ya yi wakafi da shi. Ba a saidawa, ba a gado. Mu dai ba mu ga komi ba, amma mun shaida."

Ashe a ranar ka mayar da rajistar ga ƙungiyarmu ta 'yan sa kai, ka damƙa wakilci ga Malama Suwaibatu ta Mairuwa da wani abokinmu na Brazil. Ka roƙe su kada su faɗa mini, don kada in gane kana sallama. Na fita bayan gidanku na yi kuka na biyu.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa jinyar ta zama kaffara, wakafinka ya zama sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka Hajiya Larai, da matarka Zulaihatu da yara. Allah Ya ba su haƙuri, Ya sa mu ma mu sauke amana kafin a kira mu.