Kawuna da Bishiyar Siminti

Kawuna manomi ne tun yana saurayi, har ranar da katafila ta shigo ƙauyensu, wai za a gina sabon birni don rage wa babban birni cunkoso. Aka tashe su, aka sare itatuwa, aka kafa allo mai hoton kurmi a bakin titi.

Sai da aka gama gini masu birnin suka tuna ba su da tarihin nuna wa baƙi. Suka gina zagayayyen ɗaki da bulo, suka shafa masa fenti ruwan ƙasa, suka rataya fartanya uku sababbi fil. Suka nemi tsoho mai furfura da zai zauna a ciki. Kawu ya samu aikin.

Manajan wurin, wanda ba ya rabuwa da kwat ko rana na tsaga kai, ya miƙa masa takarda.

"Baba, haddace wannan. Ka ce wa baƙi a nan kakanninmu suka zauna."

"Kakannin wa, ranka ya daɗe? Nan fa turken awakina ne."

"Kai dai faɗi abin da ke takarda."

Shekara biyu yana faɗa. In ya koma gida, matarsa ta tare shi da, "Sannu da zuwa, kayan tarihi. Yau mutum nawa suka ɗauke ka hoto?"

Wata rana wata baƙuwa ta tsaya gaban ƙatuwar bishiyar da ke ƙofar ɗakin, ta tambayi shekarunta. Takarda ta ce ɗari uku. Kawu ya ƙwanƙwasa gindin da sandarsa.

"Baiwar Allah, siminti ne da rodi. A gabana magina suka haɗa ta. Ganyen ma roba ne."

Ashe manaja na bayansa. Washegari aka miƙa masa tiyo, aka ce ya koma ban ruwan shuke-shuken titi da aka yo odarsu daga waje. Ya ce ba za su jure ƙasar nan ba. Aka ce ba a tambaye shi ba. Kafin wata huɗu duk suka ƙeƙashe.

A ɓoye ya riƙa cusa irin itatuwan da ya sani a ramukan. Yanzu sun fi mutum tsawo, har masu jiran mota na fakewa a inuwarsu. Manaja kan kawo baƙi yana nuni da ɗan yatsa, wai ƙwararru aka ɗauko suka tsara su. Kawu na gefe yana jan tiyonsa, ko ɗago kai ba ya yi.