Ranar da Mahauci Ya Kwanta wa Wuƙa

Ni da na ƙare ƙuruciyata ina kayar da bijimai a mahauta, wai ni ne na tsaya a ƙofar asibiti na kasa shiga. Gwaiwa ce ta kai ni. Ta girma har cinyar bijimi ta gagare ni ɗauka zuwa rumfata a kasuwar Kurmi, in na yunƙura sai in ji kamar hanjina zai zubo. A lokacin ba a daɗe da buɗe asibitin Turawa a cikin gari ba, kuma duk wanda ya shiga da ƙafarsa sai a ce ya gaji da duniya.

Kada wani ya ce wuƙa na ji wa tsoro. Haba, wuƙa kuma! Maganin barcin nan ne ya hana ni sakat. An ce za a shaƙa mini shi in tafi ban san inda kaina yake ba. To in ajali ya same ni a can, da wane baki zan yi shahada? Ga shi likitan Bature ne, ba zai yi bisimilla ba. Akuya ma ban taɓa ɗora mata wuƙa ba sai da sunan Allah.

Mai taimaka wa likitan wani dattijon Bafulatani ne ɗan unguwar Shahuci. Da ya ji sana'ata sai ya tafa hannu.

Ya ce, "Alhamdu lillahi! Yau shanunmu za su rama."

Kowa ya san wasan da ke tsakaninmu da Fulani, amma ranar sai na harzuƙa. Na ce, "Kai tafi can, ɗan bin saniya! Ba don mu ba, wa zai sayi ramammun naku?"

Muka yi ta yi, har na ji ina dariya, ciki na ciwo. Da dariyar ta lafa ya dube ni ya ce, "Malam, faɗa mini abin da ke cin ka." Na faɗa masa, hawaye na zuba, ban ji kunya ba.

Ya ce, "Bisimilla tawa ce, ni ke miƙa wuƙar. Shahada kuwa, kai ka fara. Inda bakinka ya tsaya zan ɗauka a kunnenka, ba zan ajiye ba sai ka karɓi abarka."

Wallahi nan take na ji numfashina ya sauka. Da ƙafata na hau teburin, ba wanda ya riƙe ni. Aka ɗora mini ƙyalle mai wari a hanci, na fara shahada, ban kai ƙarshe ba.

Abin da na fara ji da na dawo wata murya ce a dushe dab da kunnena. An yanka, an ɗinke, an mai da ni gado, rana har ta karkata, dattijon nan yana durƙushe yana ta maimaitawa. Na buɗe baki da ƙyar na karɓa, na kai ta ƙarshe da kaina.

Ya share gumi ya ce, "Kai, mahauci, ka iya barci! Maƙogwarona ya bushe."

Na ce, "Baba, je ka gaya wa shanunku su shirya. Na tashi."