Maƙerin Mairuwa da Baƙin Garmarsa

A Mairuwa, in ka ga garma baƙa wuluk mai layi uku a gefe, daga maƙerar Malam Yahuza ta fito. Manoma daga Damari har Ƙanƙara suna hawo babur su zo nemanta, don takan ci damina biyu ba ta yi tsatsa ba.

Mahaifinsa ƙira kawai ya koya masa, dabarar baƙin kuwa shi da kansa ya gano ta. Wata rana man gyaɗa ya zube a kan ƙarfe mai zafi, ya ƙone, ya bar tabo. Bayan damina ya lura ko'ina ya yi tsatsa ban da wurin. Da ya gwada da gangan, sai baƙin ya riƙa ɓarewa. Shekara huɗu yana fama, abokan sana'a suna yi masa dariya, kafin ya gane sai an goge ƙarfen da yashi ya yi ƙyalli, a gasa shi, a shafa man kaɗan, sannan a binne shi cikin toka ya huce a hankali. Layukan kuwa, laka yake shafawa inda ba ya son baƙin ya kama.

Ɗiyarsa Khairiyya tana digiri na biyu a kimiyya. Bincikenta a kan girafin ne, wata shimfiɗa ta sinadarin gawayi, siririya ƙwarai, da ake ɗorawa a kan tagulla cikin tanderun ɗakin gwaji. Da ta zo hutu, ya ga ba ta da walwala.

"Baba, duk wanda na yi sai ya tattare," in ji ta. "Wata biyar ke nan."

"In kin kashe wuta, mi kike yi?"

"Ina fitar da shi."

"Da zafinsa? Haba, ɗiyata. Ƙarfe yana tsukewa in zai huce. In kin gaggauta shi, abin da ke bisansa ba ya iya bin sa."

Ta ce nata aikin ba irin nasa ba ne. Ya ce ya sani, amma ta gwada.

Bayan sati uku ta bugo waya tana dariya. Tattarewar ba ta ɓace duka ba, amma ta ragu sosai, har malaminta ya tambaye ta wa ya ba ta shawara.

"Kika ce masa wa?"

"Na ce maƙerin Mairuwa ne, kuma ubana."

"To, ki gaishe shi," in ji Malam Yahuza. "Ki kuma riƙa cin abinci."